Lafiyar marasa matsuguni: wane ne ke buƙatar a wayar masa da kai?

Duk wanda aka taɓa sallama daga asibiti ya san jawabin da ake yi masa kafin ya fita. Ka je gida ka huta. Wannan ƙwayar sau uku a rana, bayan ka ci abinci. Wannan kuma a ajiye ta a wuri mai sanyi. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin, a riƙa canza bandeji, ka ɗaga ƙafar in za ka kwanta, sannan ka dawo nan da mako biyu da katinka. Babu kuskure ko ɗaya a jawabin. Sai dai kowace jimla a cikinsa ta ɗauka cewa mai sauraro yana da ɗaki mai ƙofa, da abinci safe da rana da dare, da ruwa mai tsabta, da wanda zai tashe shi idan lokacin magani ya yi. Mutumin da ke kwana a ƙarƙashin gada ko a kangon gini zai ce "to, likita", ya karɓi ledar maganinsa ya tafi, alhali daga shi har likitan sun san rabin abin da aka faɗa ba mai yiwuwa ba ne.

Yawancin gangamin wayar da kai da ake yi kan lafiyar marasa matsuguni ba ya taɓo wannan wuri. Ko dai a ɗauka jama'a ba su san da waɗannan mutane ba, sai a baza hotunansu don a ji tausayi, ko kuma a ɗauka su ne ba su san amfanin asibiti ba, sai a tara su a yi musu lacca kan tsafta. Jama'a kuwa suna ganin su kullum, kau da kai kawai suke yi. Su ma masu kwana a titin sun san asibiti sarai, wasunsu ma sun fi kowa sanin ɗakin gaggawa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne yadda aikin lafiya gaba ɗaya ya jingina a kan gida, da kuma yadda ƙananan abubuwan da magatakarda da maƙwabci da ɗan sanda da mai jefa ƙuri'a ke yi suke yanke hukuncin ko mutum zai warke ko ba zai warke ba. A ganina, waɗannan ne masu buƙatar wayar da kan. Idan aka bar su aka koma kan mara lafiyar, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Alƙaluman da ake da su sun fi fitowa daga ƙasashe masu arziki, domin su ne ke ƙirgawa. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa marasa matsuguni 726 ne suka mutu a Ingila da Wales a 2018. Matsakaicin shekarun mazan da suka mutu 45 ne, matan kuma 43, yayin da na sauran jama'a ya kai 76 ga maza, 81 ga mata. Masu gangami kan juya wannan su ce wai mara matsuguni shekara 45 zai yi a duniya, wanda ba haka lissafin yake nufi ba, tunda tun asali tsofaffi tukuf ba su da yawa a cikin waɗanda ake ƙirgawar. Amma ko an gyara fahimtar, giɓin na nan da girmansa. Wani bincike da aka buga a 2019 ya bi diddigin marasa matsugunin da aka taɓa kwantarwa a asibitocin Ingila, ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu, cututtukan da ake iya magancewa ne suka kashe su da an tare su da wuri. Wannan a ƙasar da ganin likita kyauta ne. A Amurka, ƙirgen dare ɗaya na watan Janairun 2024 ya sami mutum sama da 770,000 ba su da matsuguni. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun a 2005 ta ƙiyasta miliyan 100 a faɗin duniya.

Yadda rashin gida ke cin jiki ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba, sai dai ba a cika tsayawa a bi shi dalla-dalla ba. Ɗauki mai ciwon suga da ke yi wa kansa allurar insulin. Maganin ba ya son zafi, ana ajiye shi ne a firji, kuma ana auna shi ne da abincin da mutum zai ci. Wanda bai san ko zai samu abin kaiwa baki yau ba, idan ya yi allurar abincin bai zo ba, sugan jininsa zai faɗi, zai iya suma ko ma ya mutu. Saboda haka sai ya zaɓi ya bar allurar. A takardar asibiti za a rubuta cewa ba ya bin umarnin likita, alhali lissafi ya yi, kuma lissafin nasa ba na wauta ba ne. Haka mai lalurar ƙwaƙwalwa da aka ba maganin da ke sa barci mai nauyi. A ɗaki mai kulle wannan hutu ne. A bakin titi kuwa barci mai nauyi yana nufin a farka ba takalmi ba jaka, ga mace kuma abin da ya fi haka muni. Mai hawan jini da aka ba ƙwayar da ke sa yawan fitsari, ina zai zagaya a garin da babu banɗakin jama'a?

Sai ƙafa, wadda ba a cika ambatonta a fosta ba. Mara matsuguni yana wuni yana tafiya, sau da yawa cikin takalmin da ba nasa ba, jiƙaƙƙe, kuma yakan yi barci a zaune saboda ba a barin sa ya miƙe. Ƙafa ta kumbura, fata ta tsage, ƙaramin rauni ya zama gyambo, ga mai ciwon suga kuma gyambon kan ƙare da yanke ƙafa. Ga ƙazwa da ƙwarƙwata, ga haƙoran da suka ruɓe, ga rashin barci na shekaru. Likitocin da ke aiki da su sun daɗe da lura cewa mai shekara hamsin a titi yakan zo da matsalolin da aka saba gani a jikin ɗan shekara saba'in: mantuwa, yawan faɗuwa, raunin gani, kasa riƙe fitsari. Wani nazari da mujallar Lancet Public Health ta buga, wanda ya tattaro bincike da dama, ya nuna cewa fiye da rabin marasa matsuguni sun taɓa samun bugu a kai da ya shafi ƙwaƙwalwa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin mutumin da ya manta ranar da aka ce ya dawo ba, ko wanda ya fusata a kan layi.

Tarin fuka ya fi kowace cuta tona asirin lamarin. Maganinsa yakan ɗauki wata shida, kullum ba fashi, kuma wanda ya katse a tsakiya yana iya haifar da nau'in da ba ya jin magani. Wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2007 ya sami masu tarin fuka 788 cikin kowane 100,000 na marasa matsuguni, alhali a birnin gaba ɗaya kimanin 27 ne. Shi ya sa aka samar da ayarin Find and Treat, mota ɗauke da na'urar hoton ƙirji da ke bin masaukai da wuraren rabon abinci. Amma gano cutar shi ne mai sauƙin. Aikin yana wajen neman mutumin gobe da jibi har wata shida, a lokacin da wurin kwanansa ke canzawa kowane mako.

Akwai wata magana da ake yawan yi don a rufe zancen: ai shaye-shaye ne da taɓin hankali suka kai su titi. Gaskiya ne waɗannan sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a, kuma ɓoye hakan ba ya taimakon kowa. Sai dai hanyar tana tafiya ta ɓangarori biyu. Wani ciwon ne ya raba shi da aiki, rashin aiki ya raba shi da haya. Wani kuma lafiya lau ya fito, titin ne ya koya masa abin da zai sha ya iya barci cikin sanyi da tsoro. Wanda ya shekara bai yi barcin awa huɗu a jere ba, ba sai an nemi wani dalili na daban ba kafin hankalinsa ya fara rawa. Ko ma wanne ya riga wanne, cewa mutum shi ya jawo wa kansa ba ta taɓa zama hujjar hana mai shan taba maganin ciwon huhu ba.

A 1971 wani likita ɗan Birtaniya, Julian Tudor Hart, wanda ya yi aiki a wani ƙauyen masu haƙar kwal a Wales, ya rubuta a mujallar Lancet cewa kulawar lafiya mai kyau takan yi ƙaranci daidai inda aka fi buƙatarta. Ga mara matsuguni, wannan ƙa'ida takan fara aiki tun daga teburin farko. Ina adireshinka? Ina katin shaida? Lambar wayar wa za mu rubuta? Waye zai tsaya maka? A Ingila dokokin hukumar lafiya ta ƙasa sun ce ba a buƙatar shaidar adireshi ko katin shaida kafin a yi wa mutum rajista da likitan unguwa, amma duk da haka ana ta mayar da mutane a bakin tebur, har sai da ƙungiyar Groundswell, mai taimaka wa marasa matsuguni, da abokan aikinta suka buga wani ɗan kati da mara matsuguni zai nuna, mai ɗauke da bayanin haƙƙinsa. Abin lura a nan shi ne, katin yana aljihun mara lafiya, amma magatakardan aka rubuta wa. Dokar na nan, kuɗin na nan, likitan na ciki, abin da ya tsaya a tsakani shi ne mutum ɗaya da bai san ƙa'idar aikinsa ba, ko ya sani amma warin jikin wanda ke gabansa ya sa ya nemi hanyar sallamarsa. Wanda aka wulaƙanta sau ɗaya a gaban jama'a ba ya dawowa sai ciwo ya kayar da shi, a kawo shi ɗakin gaggawa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, inda kuɗin jinyarsa zai ninka na ganin likitan da aka hana shi sau da yawa. Horar da masu karɓar baƙi da masu gadi da ma'aikatan jinya na wuni ɗaya zai iya fin allon talla ɗari amfani, sai dai ba ya ɗaukar hoto mai kyau.

Wasu masu gangami sun fi son su shigo ta ƙofar tsoro: ku kula da su don kada su shafa muku. Akwai gaskiya a ciki. A San Diego ta Amurka, ɓarkewar ciwon hanta nau'in A da ta fara a ƙarshen 2016 ta kama mutum 592, ta kashe 20, kuma marasa matsuguni da masu shan ƙwaya ne suka fi jin jiki. Cuta ce da ke yaɗuwa ta bayan gida da hannun da ba a wanke ba, a birnin da banɗakunan jama'a suka yi ƙaranci. Sai da aka ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a watan Satumban 2017 sannan aka baza wuraren wanke hannu, aka ƙara banɗakuna, aka shiga wanke tituna da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Bayan haka ne hukumomin lafiyar Amurka suka sa rashin matsuguni cikin dalilan yi wa mutum allurar riga-kafin cutar. Amma hujjar tsoro tana da kaifi biyu. Mutumin da aka koya wa kallon maƙwabcinsa a matsayin tushen cuta ba asibiti zai nema masa ba, motar da za ta kwashe shi daga unguwa zai nema. Darasin San Diego na famfo ne da banɗaki, kuma haka ya kamata a riƙa ba da labarin.

Kwashewar ma ita kanta matsalar lafiya ce, kuma jama'a ne kan roƙi a yi ta. Idan aka kai samame aka tattara ledoji da barguna aka zuba a motar shara, a ciki har da maganin ƙanjamau na wata guda, da tabarau, da katin asibiti, da takardar da ke ɗauke da ranar komawa. Ma'aikaciyar lafiyar da ta yi wata uku tana lallashin mutum ya fara magani za ta zo ta tarar da wurin an share, ba wanda ya san inda ya nufa. Mai shagon da ya kai ƙara bai yi nufin katse wa kowa magani ba. Bai san hakan na faruwa ba ne, kuma irin wannan sanin ne ya kamata wayar da kai ta kai masa.

Inda aka samu nasara, an fara ne da yarda kafin magani. Lokacin da aka kafa shirin kula da lafiyar marasa matsuguni na Boston a 1985, matashin likitan da aka tura, Jim O'Connell, ya isa wani masauki da shirin fara duba marasa lafiya. Ma'aikatan jinyar wurin, ƙarƙashin Barbara McInnis, suka sa ya ajiye kayan aikinsa ya shafe makonni yana jiƙa ƙafafun mutane a ruwa, yana zaune a ƙasa su suna sama, har suka saba da shi suka fara faɗa masa abin da ke damun su. A Pittsburgh kuma, a 1992, Dakta Jim Withers ya fara fita da dare cikin tufafi irin nasu, tare da wani da ya taɓa rayuwar titi yana yi masa jagora. Daga nan aikin likitancin titi ya bazu zuwa birane da dama a duniya. Birazil ta mayar da shi aikin gwamnati a 2011, inda ta sa ayarin Consultório na Rua, wato ma'aikatan lafiya masu duba mutane a titi, cikin tsarin kula da lafiya a matakin farko. Groundswell ma tun 2010 take horar da waɗanda suka taɓa zama a titi su riƙa raka 'yan'uwansu asibiti, su zauna da su a layi, su tuna musu abin da likita ya ce.

Wannan ne ya sa nake da ja kan duba lafiya kyauta na rana ɗaya, irin wanda ake shiryawa musamman a ranar 10 ga Oktoba, ranar marasa matsuguni ta duniya da aka fara tunawa a 2010. Niyyar masu yi tana da kyau, kuma wani lokaci akan tsinci wanda ke bakin mutuwa. To amma a auna jinin mutum a ce masa ya hau, a ba shi maganin mako biyu, a naɗe rumfa a tafi, me ya canza? Hawan jini ba ya warkewa a mako biyu. An dai ƙara masa damuwa. Ƙungiyar da ke da ƙarfin fita sau ɗaya a shekara da likita ashirin, da ta raba su ta riƙa tura mutum biyu wuri ɗaya a rana ɗaya kowane mako, da aikin ya fi kama ƙasa. Kuma rahoton ya daina cewa an duba mutum kaza, ya koma faɗin mutum nawa ne suka gama maganinsu.

Akwai giɓin da ya fi kowanne sauƙin gani, wato tsakanin gadon asibiti da bakin titi. Mutum ya yi sauƙin da ba za a ci gaba da riƙe masa gado ba, amma bai yi ƙarfin kwana a kan kwali ba. A Boston an buɗe gidan jinya na wucin gadi mai suna Barbara McInnis House a 1993, wanda yanzu ke da gadaje sama da 100, don irin waɗannan: wanda aka yi wa tiyata, mai karɓar maganin ciwon daji, mai karaya. Ba ya buƙatar manyan na'urori, gado ne da abinci da ma'aikaciyar jinya. Abin da ya fi hana irin waɗannan gidaje samuwa, bayan kuɗi, shi ne maƙwabta. Kowa na goyon bayan a gina, amma a wata unguwar.

Daga nan zancen kan kai ga gida shi kansa. Tsohon tsari ya ce mutum ya daina shaye-shaye, ya karɓi magani, ya nuna ya shiryu, sannan a ba shi ɗaki. A 1992 Sam Tsemberis ya juya tsarin a New York: a fara ba shi ɗakin ba tare da sharaɗi ba, sai a biyo shi da taimako. Wannan shi ake kira Housing First. Finland ta ɗauke shi a matsayin manufar ƙasa a 2008, kuma ƙasar da ke da marasa matsuguni kusan 18,000 a 1987 ta sauko ƙasa da 4,000 a 2022. Kanada ta gwada shi a birane biyar tsakanin 2009 da 2013 da mutum sama da 2,000, aka ga waɗanda aka ba gida kai tsaye sun zauna daram fiye da sauran nesa ba kusa ba. Sai dai masu yaɗa wannan labari kan tsallake wani ɓangare. A gwajin na Kanada, bambanci ta fuskar shaye-shaye da alamomin taɓin hankali bai taka kara ya karya ba, kuma wani rahoton cibiyoyin kimiyya na Amurka a 2018 ya ce hujjar cewa gida kaɗai na gyara lafiya ba ta da ƙarfi, in ban da ga masu cutar ƙanjamau. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba. Jikin da ya yi shekara goma yana lalacewa ba zai gyaru cikin shekara biyu don an ba shi mabuɗi ba. Ɗaki yana ba magani wurin yin aiki ne, ba ya maye gurbinsa. Idan aka yi wa jama'a alƙawarin cewa gida zai warkar da komai, ranar da suka ga maƙwabcin nasu bai daina sha ba za su janye goyon bayansu.

Hotunan gangami kusan kullum namiji ne mai gemu a kan kwali. Mata ba su cika fitowa a hoto ko a ƙirge ba, domin ɓuya suke yi: yau a ɗakin ƙawa, gobe a motar haya ta dare, jibi a wurin namijin da ke dukansu saboda ya fi titi aminci. Awon ciki, ƙyallen al'ada, maganin tazarar haihuwa, kulawa bayan fyaɗe, duk ba sa isa gare su idan shirin ya tsaya ga waɗanda ido ke gani. Wasu ma suna guje wa asibiti da gangan don tsoron a raba su da 'ya'yansu.

Shi kuwa mai wucewa, abin da ya fi buƙatar sani ɗan kaɗan ne. Faɗuwar sugan jini, da bugun kai, da shanyewar ɓarin jiki, da farfaɗiya, da sanyin da ya ratsa jiki, duk suna iya kama da maye: magana na harɗewa, tafiya na tangaɗi, mutum ya kwanta ba ya amsawa. Mutane sun mutu a gefen hanya ana tsallake su ana cewa ya sha ne. Ko ma shan ya yi, wanda ba ya farkawa idan an yi masa magana yana buƙatar a juya shi ya kwanta ta gefe, a kira motar asibiti, a tsaya har ta zo.

A ƙarshen Maris na 2020, da cutar korona ta shigo, gwamnatin Ingila ta umarci ƙananan hukumomi su shigar da duk mai kwana a waje ɗaki cikin 'yan kwanaki. Aka buɗe otal-otal da suka zama fayau, kuma zuwa watan Mayu an sama wa kusan mutum 15,000 wurin kwana. A waɗannan ɗakuna ne wasu suka fara yin rajista da likita, wasu aka gano musu ciwon hanta nau'in C aka fara musu magani, saboda a karon farko ma'aikacin lafiya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa gobe. Babu wani sabon ilimi da aka gano a wannan makon, jama'a ne kawai suka yarda cewa lafiyar waɗannan mutane ta shafe su. Da annobar ta lafa, otal-otal suka koma karɓar baƙi, kuɗin shirin ya ƙare. Ƙirgen dare ɗaya na masu kwana a titunan Ingila, wanda ya sauka zuwa 2,440 a 2021, ya koma 4,667 a 2024.